Daga Na'ibawa Zuwa Rigasa: Yadda Muka Yi Fama Da Taswirar Wayar Kawu

Ƙarfe takwas saura kwata na safiyar Juma'a muka bar Na'ibawa, ni da Kawu, a motarsa. Ɗaurin aure za mu a Rigasa ranar Asabar. Tsarin shi ne idan an shafa fatiha ni in hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, shi kuma ya juyo Kano shi kaɗai. Rabon Kawu da Kaduna tun kafin a sake gina gadar Kawo, wadda aka buɗe a 2022, don haka ya ce a ɗora masa hanya a wayarsa ya saba da ita tun muna tare. Gyaran waya ne sana'ata, shi ya sa ya miƙo mini ita kawai ya tayar da mota. Na rubuta tashar jirgin Rigasa, manhajar taswira ta zana shuɗin layi na sama da kilomita 230, muka ce bismillah. Ban duba komai a wayar ba kafin mu tashi, kuma duk wahalar da ta biyo baya daga nan ta samo asali.

Daga Kura zuwa Kwanar Ɗangora babu abin faɗa, titi shimfiɗe, shingen 'yan sanda biyu, suka ɗaga mana hannu muka wuce.

A Tashar Yari muka ratse gidan mai. Muna sauka daga titi manhajar ta ce tana sake lissafin hanya, sai ta tsaya a nan. Wani ɗan da'ira yana ta juyawa, shuɗin layin ya ɓace, taswirar ta zama fili mai murabba'ai babu sunan gari babu titi. Amma ɗigon da ke nuna inda muke yana nan shuɗi, kuma da muka matsa gaban famfo shi ma ya matsa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mutum inda ciwon yake. Abin da muke kira taswira a waya abu uku ne aka haɗa wuri ɗaya, kowanne da hanyarsa. Sanin inda kake daga taurarin ɗan adam yake zuwa. Zanen tituna da lissafin hanya daga intanet suke zuwa, sai fa idan an riga an sauke su a wayar. Inda ka fuskanta kuma aikin kamfas ne, wata 'yar na'ura a cikin wayar mai jin maganaɗisun ƙasa. Idan aka ce taswira ta ƙi aiki, tambayar farko ita ce wanne cikin ukun ya tsaya. A Tashar Yari ɗigo yana tafiya, zane ne babu, ke nan data ce.

Na ce, "Kawu, datarka ta ƙare."

Ya ce, "Wace irin ta ƙare? Ga saƙo nan yana shigowa yanzu-yanzu."

Gaskiyarsa, WhatsApp na aiki. Amma na buɗe burauza na nemi shafi, ya ƙi buɗewa. Na danna *323#, lambar duba sauran data da duk layukan Najeriya suke amfani da ita yanzu, sai ga amsa: babbar datar ta ƙare ƙaf, saura ta hira, wadda ake sayarwa don WhatsApp da Facebook kaɗai. Irin wannan tana ruɗar mutane da yawa, saboda alamar sabis tana nan cike, saƙonni suna shiga, mutum ya rantse yana da intanet. Da safe ragowar babbar datar ce ta ɗauko hanyar, manhajar kuma ta riƙe ta a ƙwaƙwalwarta tana bi da mu. Da muka kauce daga layin ta buƙaci sabon lissafi, babu abin da za ta yi shi da shi. Muka sayi gigabait ɗaya ta *312#, na kunna yanayin jirgin sama na ƙirga goma na kashe don wayar ta sake kama ƙarfen sabis, zane ya dawo. Na kuma leƙa saitin layuka, domin wayar mai layi biyu ce, kuma sau da yawa mutum yakan zuba data a layi ɗaya alhali wayar tana jan intanet daga ɗayan. Bin hanya ba ya cin data sosai. Abin da ke cinye ta shi ne hoton sama mai nuna rufin gidaje da gonaki, shi ma na kashe shi.

Ƙarfe goma da rabi muka tsaya a Kwangila, Zariya, muka sha shayi da biredi da ƙwai, naira dubu uku mu biyu. Bazara ce, mangwaro jibge a faranti ko'ina. Wani yaro mai tallar kayan mota ya leƙo da mariƙin waya irin mai mayen ƙarfe, wanda ake liƙa ɗan faifan ƙarfe a bayan waya sai ta manne. Kawu ya saya naira dubu biyu, ya manna shi a gilashin gaba, daidai inda rana ke duka. Ya ji daɗinsa ƙwarai, kuma da hujja, domin riƙe waya a hannu ana tuƙi laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke kama mutum a kansa.

Ba mu yi nisa da Zariya ba na lura batir yana sauka duk da igiyar caji na jiki. Daga 31 ya koma 24, ya koma 18. Na taɓa wayar, zafi kamar an ciro ta daga tanda. Da ya kai 15 wayar ta kunna tsimin batir da kanta, ni kuma na kashe allon, na ce ai murya za ta ci gaba da yi mana jagora. A Jaji sojoji ne a kan hanya, garin da kwalejin horar da manyan hafsoshi take, kuma al'adar shingen soja ita ce a rage gudu, a sauke gilashi, kada a ga waya a kunne ko a hannu. Muka gaisa, ya leƙa kujerar baya ya ce mu wuce. Sai bayan nan Kawu ya ce, "Wai matar nan ta yi shiru." Na kunna allo. Ɗigon ya zama toka-toka, yana can baya inda na kashe allon, an rubuta ana neman GPS, wato saƙon taurarin ɗan adam da ke nuna inda mutum yake.

Muka wuce Birnin Yero kaɗan muka faka a gindin wata bishiya. A nan na fi daɗewa, kuma a nan ne mai gaggawa yake ɓata waya.

Zafin na fara magancewa. Na cire ta daga caji, na zare rigarta, na ajiye ta a inuwa gaban iskar AC minti biyar. Kawu ya miƙo ledar ruwa mai sanyi ya ce a ɗora mata, na ce a'a. Sanyin farat ɗaya yana tara raɓa a cikin waya, a gyara zafi a jawo tsatsa a farantin injin wayar. Yawancin wayoyi an ƙera su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, bayan gilashin mota kuwa da tsakar ranar bazara ya zarce haka nesa. Idan waya ta yi zafi takan rage saurin injinta, ta dusashe allo, ta rage ko ta tsayar da caji don kare batir. Ga kuma bin hanya yana cikin ayyukan da suka fi cin wuta: allo a kunne, GPS a kunne, intanet a kunne, duk lokaci guda.

Shirun muryar kuma tsimin batir ne ya kawo shi. A wayoyin Android da yawa, idan tsimin yana kunne kuma allo ya mutu, wayar tana daina neman inda take. Na kashe tsimin, na shiga saitin batir na manhajar na cire mata takunkumi don ta yi aiki ko allo a kashe. Daga nan na bi sauran abubuwan da kan jawo irin wannan, ɗaya bayan ɗaya. Na jawo labulen sama na tabbatar alamar lokeshan a kunne take. Na shiga izinin manhajar na ga an ba ta damar sanin wuri lokacin da ake amfani da ita. Na duba saitin ƙara daidaiton wuri, wanda ke haɗa GPS da ƙarafan sabis da Wi-Fi, shi ma a kunne. Na duba agogo da kwanan wata, suna kan saitin kai-tsaye, domin agogon da ya kauce yakan hana manhaja magana da intanet. Sai na tilasta wa manhajar tsayawa daga wurin da aka rubuta Force stop, na fita daga ƙarƙashin bishiyar na tsaya a fili, na sake buɗe ta.

Kawu ya tambayi dalilin fita rana bayan yanzu muka gama gudunta. Dalilin shi ne taurarin GPS suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, saƙonsu yana isowa a raunane ƙwarai. Rufin kwano, ginin siminti, ganye mai duhu, har wani baƙin gilashi mai ƙarfe-ƙarfe a jikinsa duk suna rage shi. Wayar ba ta aika musu komai, saurare kawai take yi, shi ya sa GPS ba ya buƙatar data ko kati. Kowane tauraro yana faɗin lokacin da ya aiko saƙo da inda yake, wayar ta auna jinkirin isowarsa ta gane nisa. Sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta tsayar da wuri. Intanet yana taimaka mata ne da jadawalin inda taurarin suke, sai ta kama su cikin daƙiƙoƙi. Idan babu intanet dole ta karanto jadawalin daga taurarin da kansu, abin da kan ɗauki rabin minti idan sama a buɗe take, cikakkensa kuma minti goma sha biyu da rabi. Shi ya sa wanda ke kunnawa yana kashewa duk bayan daƙiƙa goma yake mayar da aikin baya. GPS na Amurka ne, amma wayoyin yanzu suna sauraren GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, abin da ya sa suka fi na da saurin kamawa. Tamu ba ta kai minti ɗaya ba ɗigon ya koma shuɗi, da faffaɗan da'ira kewaye da shi, da'irar tana tsukewa har ta kusa ɓacewa. Faɗin da'irar nan shi ne shakkar wayar. Muddin tana da faɗi, kada a yarda da ɗigon.

Na jona wayar da fawa bank ɗina, muka mayar da ita kan mariƙi da hankici a kanta don tare rana. Mararrabar Jos cike take da tireloli gefe da gefe kamar kullum, muka lallaɓa muka wuce Rigachikun.

A Kawo abu na uku ya same mu, kuma shi ya fi ba ni haushi domin ya kamata in hango shi tun Kwangila. Mu da za mu Rigasa dama za mu karkata, mu nufi Mando mu kama baifas ɗin Nnamdi Azikiwe. Ranar Juma'a ce, cunkoso ya fara tun kafin gada, muna tafiya kamar hawainiya. Sai kibiyar ta fara juyi. Ta kalli Zariya, ta kalli gabas, taswirar gaba ɗaya tana wulwulawa, murya ta ce a yi hagu, ta sake cewa a yi dama. Motoci na ta hon a bayanmu, jami'in KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Kaduna, yana yi mana alamar mu matsa, Kawu ya miƙe kawai, sai ga mu a titin Ali Akilu muna shiga gari.

Abin da ya faru shi ne wannan. Idan mota tana gudu, manhaja ba ta damu da kamfas ba, daga tafiyar ɗigon take gane inda aka dosa. Idan aka tsaya ko ana rarrafe, sai ta koma kan kamfas. Kamfas ɗin kuwa maganaɗisun ƙasa yake ji, wanda ba shi da ƙarfi ko kaɗan idan aka gwada shi da mayen ƙarfen da ke manne a bayan wayar. Tun Zariya yake a rikice, gudu ne ya rufa masa asiri. Ƙari a kan haka, a wurin da titi ya hau kan titi, kuskuren mita biyar ko goma ya isa ya sa manhaja ta ɗauka kana kan gada alhali kana ƙasa. Muka faka, na ɓamɓare faifan ƙarfen, na fita nesa da motar, na riƙe wayar na zana lamba 8 a iska sau biyar ko shida ina jujjuya hannu. Hasken da ke fita daga ɗigon kamar fitilar hannu, wanda ya baje, ya tsuke ya koma siriri. Wasu ƙananan wayoyi ba su da kamfas sam, su ko an kwana ana zana 8 babu abin da zai canza, sai dai mota ta motsa kibiya ta daidaita.

Ɓatan ya zo mana da alheri, domin mun samu Juma'a a masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki. Bayan an idar muka gangara Ahmadu Bello Way zuwa shagunan waya na kusa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. A nan na karanta rubutun jikin tsohuwar cajar motar Kawu: 5V, 1A. Wat biyar ke nan, ba za ta iya ciyar da wayar da ke bin hanya ba balle ta cika batir. Mai shagon ya fito mana da mai 2.4A, wato wat goma sha biyu, da gajeriyar igiya mai kauri, domin doguwar siririyar igiya ita ma tana zubar da wuta a hanya. Muka gwada a mota kafin mu biya, allo a kunne, taswira a buɗe, cikin minti biyar batir ya hau maimakon ya sauka. Muka ƙara da mariƙi mai matsewa da hannu biyu wanda ake saƙalawa a bakin iskar AC, babu mayen ƙarfe, ga sanyi yana bugun bayan wayar. Duka naira dubu bakwai da ɗari biyar bayan ciniki.

Wanda ya saba da lungunan cikin birnin Kano zai ga tsakiyar Kaduna kamar an ja ta da igiya. Tituna a jere suna yanka juna, kuma sunayen garuruwa ne a kansu: Kano Road, Katsina Road, Lagos Street, Ibadan Street. Turawa ne suka zana garin, nan Gwamna Lugard ya mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru, kuma har yau tsarin yana nan. A irin wannan wuri taswira ba ta kuskure. Inda take ruɗar baƙo shi ne suna. Masaukinmu a Tudun Wada yake, da na rubuta Tudun Wada sai ta kawo ta Zariya da ta jihar Kano tare da ta Kaduna, kuma wanda ya danna ta sama ba tare da ya duba nisa ba zai iya samun kansa ya juya Kawo. Haka kuma unguwa ɗaya takan fito da rubutu uku, Unguwar Rimi, Ungwan Rimi, Angwan Rimi. Maganin shi ne a ƙara Kaduna a ƙarshen suna, a duba kilomitan da ta nuna kafin a danna tafiya.

Ɗakin naira dubu goma sha biyar ne, gado biyu, fanka, janareto zuwa tsakar dare. Muka ci tuwon shinkafa miyar kuka a wata rumfa kusa da Kasuwar Barci. Kawu ya yaba iskar daren, ya ce da a Kano ne yanzu da ana kwana a tsakar gida.

Bayan isha'i na zauna da wayar sosai. Ma'ajiyarta gigabait 32 ce, saura bai kai megabait 300 ba, bidiyon gurup-gurup na WhatsApp sun cinye ta. Wayar da ta cika haka manhaja takan yi nauyi, ta rufe kanta ana tsakiyar aiki, sabuntawa kuma ta ƙi sauka. Kawu ya zaɓi abin da yake so, muka share kusan gigabait biyar. Sannan na shiga saiti, manhajoji, taswira, ma'ajiya. Maɓallai biyu ne a wurin kusa da juna, kuma bambancinsu babba ne. Clear cache tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa, babu asara, da shi ake farawa. Clear data kuwa yana mayar da manhaja kamar yau aka saka ta, ya tafi da saitinta da duk taswirar da aka sauke. Ba a taɓa shi sai na farkon ya gaza, kuma ba a taɓa shi a tsakiyar daji inda babu sabis. Na danna na farko, na sabunta manhajar, na kashe wayar na kunna.

Sai aikin da ya kamata a yi tun a Kano, wato sauke taswira. A Google Maps ana danna hoton mai asusu a kusurwar sama, a shiga Offline maps, a zaɓi yanki da kai, a ja akwatin ya rufe wurin da ake so. Akwati ɗaya bai ɗauki Kaduna har Kano yadda nake so ba, sai na yi biyu masu hawa kan juna a wajen Zariya, don kada a sami giɓi a tsakani. Wadda aka sauke tana ba da hanyar mota da sunayen wurare ko babu sabis, amma ba ta san cunkoso ba, ba ta ba da hanyar ƙafa, kuma tana da ranar ƙarewa idan ba a sabunta ta ba. Na gwada ta yadda ya kamata a gwada: na kunna yanayin jirgin sama, na nemi hanya daga Tudun Wada zuwa Na'ibawa, ta zano.

Abu na ƙarshe, na fita farfajiya da wata manhajar gwajin GPS, irin masu nuna taurarin da waya ke ji da ƙarfin kowanne. Ta ga sama da ashirin, tana aiki da fiye da goma. Na ajiye tawa wayar kusa da ita, sakamako kusan ɗaya. Wannan gwajin shi ke raba matsalar saiti da ta ƙarfe. Idan waya ta yi minti goma a fili ba ta ji tauraro ko ɗaya ba alhali ta kusa da ita tana ji, to eriya ce. Sau da yawa hakan na biyo bayan faɗuwa, ko canjin gilashi ko murfin baya, inda ɗan ƙarfen da ke taɓa eriyar ya lanƙwashe ko bai zauna ba. Wannan sai an buɗe waya, share-share ba ya yi masa komai.

Da safe muka kama baifas muka shiga Rigasa ta Bakin Ruwa. Rigasa duniya ce guda, a ƙaramar hukumar Igabi take amma cikarta ta fi ta garuruwa da yawa, kuma da zarar an sauka daga babban titi layuka ne birjik, yawancinsu sunan da mutane ke kiransu da shi ba shi ne a taswira ba, wasu ma babu suna. Ƙanen ango ya turo mana wuri ta WhatsApp tun da asuba. Muka bi shi tiryan-tiryan, ya kai mu bakin wani kango, babu rumfa babu jama'a. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "Malam, yau ɗaurin aure ya fi biyar a yankin nan. Gidan wa kuke nema?" Muka faɗa masa, ya ce bai san shi ba amma sunan ya yi kama da na mutanen can hayi.

Wannan karon wayar Kawu ba ta da laifi, ta kai mu daidai inda aka ce ta kai mu. Kuskuren daga mai turowa ne. Na kira shi na tambaye shi a ina yake lokacin da ya tura, ya ce a ɗaki, kan katifa. Ƙarƙashin rufin kwano wayarsa ba ta jin taurari, sai ta yi kirdado da ƙarfen sabis mafi kusa. Na ce ya duba izinin lokeshan na WhatsApp. Tun daga Android 12, wadda ta fito a 2021, ana tambayar mutum ko ya ba da ainihin wuri ko na kusa-kusa, kuma na kusa-kusa yanki ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita uku. Nasa a kan na kusa-kusa yake. Na ce, "Ka kunna Use precise location, ka fito ƙofar gida, ka buɗe wurin turawa amma kada ka tura. Akwai ɗan rubutu a ƙasa mai faɗin mita nawa ne daidaiton. Karanto mini." Ya ce dubu da wani abu, can ya ce sittin, can ya ce tara. Na ce to yanzu tura, kuma wurin da kake tsaye za ka tura, ba mai bin mutum ba, domin mai bin mutum idan ka tafi sayo ƙanƙara mu ma can za mu bi ka. Sabon ɗigon ya faɗo fiye da kilomita ɗaya daga inda muke.

Ko da hakan sai da muka nemi mutane. Layin da manhajar ta zaɓa kwata ta cinye tsakiyarsa, na gaba kuma an kafa rumfar wani bikin an toshe. Wani mai Keke Napep, abin da mu a Kano muke kira A Daidaita Sahu, ya ce mu biyo shi, ya zagaya da mu ta bayan wata makarantar Islamiyya, ya ƙi karɓar ko sisi. Muka isa ana saura minti goma. Kafin mu shiga na danna kan ɗigon na adana wurin da sunan gidan, na kuma kwafi lambobinsa, masu farawa da 10 da ɗigo da kuma 7 da ɗigo kamar na ko'ina a garin Kaduna, na tura wa Kawu ta saƙon tes. Lambobin nan ko babu data ana iya rubuta su a kowace manhajar taswira su kai mutum ƙofar gidan.

Bayan walima Kawu ya sauke ni a tashar jirgin, layin da aka buɗe a 2016 mai zuwa Idu a Abuja. Na sa masa hanyar Na'ibawa, batir 92, caja a jiki, waya a bakin AC. Na nuna masa abu uku da zai duba idan ta sake yi: launin ɗigo, zanen tituna, da kibiya.

Ina Abuja bayan magariba ya kira ya ce ya isa lafiya, bai ɓata ko sau ɗaya ba, Kawo ma ya wuce ta salin-alin. Ƙorafinsa ɗaya, tun daga Zariya muryar ta ɗauke, sai kallon allo ya riƙa yi. Na tambaye shi ko ya taɓa wani abu, ya ce ya haɗa wayar da rediyon mota ta Bluetooth don ya ji karatu, da ya gaji ya mayar da rediyon tashar FM. Muryar tana nan tana magana, cikin Bluetooth ɗin da ba a saurare take zuba. Na ce ya shiga saitin tuƙi na manhajar ya kashe wurin da ke tura murya ta Bluetooth, ya kuma duba alamar lasifika a gefen allo kada ta kasance da layi a kanta. Ya yi ina kan waya, ya nemi hanyar Kasuwar Kurmi don gwaji, na jiyo ta tana cewa ya yi gaba mita ɗari biyu ya juya hagu.